Rariyar Birnin Tafki

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma Rariya take fara tankaɗe. Ba ta da ƙara. Wanda ya tsaya a ɗakin da aka girke ta, a ƙasan gidan watsa labarai na Birnin Tafki, abin da zai ji bai wuce ɗan guna irin na ƙudan zuma a cikin amya ba. Amma idan ya dubi bangon gilashin da ke gabansa, zai ga hotuna suna zubowa ba iyaka daga ƙasashe tamanin da ɗoriya: na taurarin ɗan'adam, na kyamarorin kan titi, na ƙananan jirage marasa matuƙa. Cikin minti ashirin na'urar za ta bi su duka, ta ware tara. Waɗannan taran su ne labaran ƙasashen waje da kowane gida zai gani da ƙarfe biyar a madubin bangonsa. Ma'aikata suna kiransu gari. Abin da ya rage kuwa tsaki ne, kuma kowace safiya sai an share shi don a sami wurin zuba na gobe.

Malama Uwani Sallau ce mai sharewar. Shekara goma sha biyu ke nan tana kula da Rariya, tun ranar da aka kunna ta. Takan duba sanyin ɗakin, ta duba wayoyi, ta danna maɓallin share tsaki, ta rubuta a rajista cewa komai lafiya. Tana son aikinta, domin aiki ne mai tsari, ita kuma mace ce mai son ta ga kowane abu a muhallinsa.

Yana da kyau a bayyana yadda Rariya take zaɓe, don nan ne duk labarin ya rataya. Lokacin da majalisar birni ta gaji da labaran da ke tayar wa jama'a hankali, sai ta nemi Dakta Mati Gwadabe ya ƙera na'urar da za ta riƙa ba mutane labarin duniya, ta kuma bar su cikin kwanciyar rai. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: kada ta yi ƙarya ko sau ɗaya. Wahalar ita ce yadda za a auna kwanciyar rai. A wasu ƙasashen bugun zuciya suke aunawa. Dakta Mati ya ce mu muna da ma'aunin da ya fi wannan sauƙi, domin mutumin garin nan idan ransa ya yi daɗi ba ya ɓoyewa, hamdala yake yi. Saboda haka aka sa wa kowane madubin bango ɗan kunne da ba ya jin komai sai kalma guda. Duk labarin da aka yi hamdala da yawa bayan an gan shi, Rariya takan riƙe irinsa, gobe ta nemo wani kamarsa. Jama'a sun yi na'am da tsarin. Har limamai sun yaba.

Ranar wata Litinin Uwani ta dawo gida ta tarar da mijinta, Malam Barau, a kan darduma gaban madubi, da kofin shayi a gefensa. Tsohon mai gyaran farantan hasken rana ne, ya yi ritaya, kuma labaran ƙarfe biyar ba sa wuce shi. Ana nuna Dalanga, ƙasar da ke ɗaya gaɓar tafkin. Wuta tana cin wani rufi. Bayan nan ga mata a dogon layi cikin rana, an rubuta a ƙasa: Mata a kan layi tun safe a Dalanga.

Malam Barau ya girgiza kai. “Allah Ya kawo musu sauƙi,” in ji shi. Ya kurɓi shayi. “Mu dai alhamdulillahi.”

Uwani ta ƙura wa layin matan ido. 'Yarsu ta fari, Ladidi, a Dalanga take aure shekara uku, wurin wani injiniyan ruwa mai suna Ilu da suka haɗu a makaranta. Ga shi cikinta na fari ya tsufa. Tun yana wata bakwai Uwani ta sa aka shafe ɗakin baya, ta sayi sabon baho, domin bisa al'ada a gidan iyaye mace take haihuwar fari ta yi wankanta. Amma dangin miji suka yi ta kawo uzuri. Yau likita ya hana tafiya, gobe Ilu bai sami hutu ba. Abin ya sosa wa Uwani rai. Malam Barau kuwa ya yanke cewa hukumar can ce ba ta barin mutane fita, su kuma kunya ta hana su faɗa.

Washegari da hantsi Ilu ya kira. “Mama, an sauka lafiya. Mace aka samu.” Ya juya wayar, ga Ladidi a kan gado, fuskarta a kumbure amma tana murmushi.

Uwani ba ta kiran sunan 'yar fari, don haka ta ce, “Sannu, yarinya. Yaya jikin? Yaya garin naku?”

“Lafiya lau muke, Inna. Komai lafiya. Ki taho mana.”

Da aka kashe wayar Uwani ta ce, “Ka ji dai, Malam. Tunda ba su kawo ta ba, ni zan je.”

“Na ji. To me kike so ta ce? Ke kika yi mata tarbiyya. Ko a cikin wuta take, in kika tambaye ta, lafiya lau za ta ce miki.”

“Na ga ɗakin ai. Tsaf yake.”

“Ɗaki kika gani. Ni gari nake gani kullum da idona.” Ya sassauta murya. “Uwani, ba hana ki zumunci nake ba. Amma kin ji sanarwar jiya. Ƙarshen watan nan za a rufe jirgin gada. In kika shiga aka rufe, ta ina za ki fito?”

Gaskiya ya faɗa game da jirgin. Gadar da ta ratsa tafkin ita kaɗai ce hanya tsakanin ƙasashen biyu, kuma jirgin maganaɗisu da ke bi ta kanta ya daɗe yana tafiya fayau. Majalisa ta ce ba amfanin a ci gaba da tura jirgi inda ba mai son zuwa, ga kuma batun tsaro. Saura kwana ashirin da uku. Wankan jego kuwa kwana arba'in ne.

Ranar Laraba da safe Uwani ta tsaya gaban maɓallin share tsaki, ta ɗora yatsa, sai ta ɗauke. A shekara goma sha biyu ba ta taɓa leƙa abin da take sharewa ba. Ba wanda ya hana ta. Kawai ba ta ga dalili ba, kamar yadda mai shara ba ya zama karanta takardun da ke cikin kwando. Ta jawo kujera, ta rubuta Dalanga, ta ce a nuna mata tsakin ranar Litinin, wanda yake nan har yanzu saboda ranar Talata ba ta zo aiki ba.

Awa dubu huɗu na hotuna suka fito, na yini guda. Ta nemi wutar nan. Ga ta, amma a nan kyamarar ta ja baya: rumfar mai gyaran batura ce guda ɗaya, an kashe ta cikin minti goma, a gefe ma wani mai lemo bai fasa ɓare lemonsa ba. Ta nemi matan layi. Ta bi layin har gabansa, sai ta ga dashen mangwaro ake rabawa, kowace tana tafiya da nata a 'yar tukunya. Wata mai jan mayafi, wadda a madubi aka nuna tana share fuska kamar mai kuka, daƙiƙa biyu bayan nan dariya take har tana riƙe kafaɗar ta gabanta. Sauran kuwa babu wani abin kallo a ciki. Yara suna tafiya makaranta. Wani tsoho yana wanke ƙafa a bakin famfo. Motocin kaya suna jiran fitila ta ba su hannu.

Ta rufe hotunan. Sannan ta hau sama ofishin Dakta Mati.

Dakta Mati dattijo ne siriri, mai farin gemu da sauƙin kai, ba ya katse mai magana. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya goge.

“Malama, cikin abin da ta nuna, akwai wanda bai faru ba?”

“Babu, Dakta.”

“Wutar ta ci?”

“Ta ci.”

“Matan sun tsaya a layi tun safe?”

“Sun tsaya. Amma ranka ya daɗe, in na zo gidanka kullum na ɗauki hoton kwandon shara kaɗai na nuna wa mutane, ni ma ban yi ƙarya ba.”

Ya yi murmushi, irin na malamin da ɗalibi ya burge shi. Ya nuna mata wani allo a bango, inda wani koren layi ke hawa a hankali tun daga shekarar farko. “Kin ga wannan? Ba a taɓa samun lokacin da mutanen birnin nan suka gode wa Allah kamar yanzu ba. Asibiti ma sun ce hawan jini ya ragu. Ba ni na ce mata ta zaɓi wannan ko wancan ba. Jama'a ne suka koya mata.”

“Na sani. A gidana ma ana koya mata kullum. Mun ɗauka mutum yana hamdala ne don labarin ya yi masa daɗi. Ashe yana yi ne don abin bai same shi ba.”

“Duk hamdala ce, Malama.”

“Amma saboda ita za a rufe mini hanyar 'yata.”

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya jawo takardar hutu ya sa hannu. “Ki je ki ga jikarki. Ki dawo kafin ƙarshen wata. Na'urar da ke aiki lafiya ba a buɗe cikinta don rumfa ɗaya da dashen mangwaro.”

A gida ta zaunar da Malam Barau ta ba shi labarin tsaki dalla-dalla. Ya ji, bai gamsu ba, amma ya ga irin zaman da ta yi, ya san ta riga ta yanke. Bai ƙara musu ba. Sai ya shiga haɗa mata kaya. Ita ta ɗauki kanwa da yaji da garin kunu da zannuwan jariri. Shi kuma ya cusa mata kilishi ƙunshi uku, da ƙwayoyin tace ruwa, da tocila, da wani tsohon batirin rana da ya gyara da hannunsa.

“Malam, jego zan je, ba yaƙi ba.”

“Ki dai riƙe. In ba ki buƙata ba, sai ki ba maƙwabtansu.”

Ya raka ta tasha ranar Alhamis da safe, ya tsaya har jirgin ya ɗaga, yana ta motsa baki da addu'a. Jirgin mai tarago goma sha biyu ne, fasinja shida. Ya zame a kan gadar ba jijjiga, ruwa dama da hagu har iyakar gani, da kwale-kwalen masunta nan da can. Awa ɗaya da kwata suka isa.

A tashar Dalanga akwai itatuwan ɗorawa da aka dasa a jere, inuwarsu ta rufe dandalin. Mahaifiyar Ilu, Hajiya Kande, tana tsaye tana jira, doguwar mace mai faɗin fuska, da fulas a hannu ɗaya da bargo a ɗayan. Da ta hango Uwani sai ta taho da sauri, ta kama hannunta biyu, ta dube ta sama da ƙasa.

“Sannu, Hajiya. Sannu da fitowa. Allah Ya yi kin tsira. Ungo, sha kunu tukuna, magana daga baya.” Ta juya ga ɗanta. “Ilu, ka ga ba ta ma rame sosai ba.”

Uwani ta karɓi kunun don ladabi, tana mamakin wannan irin tarba. A cikin mota Hajiya Kande ta ci gaba. “Mun gyara ɗaki biyu. Ɗaya naki, ɗaya na Malam. Ki lallaɓa shi ya taho kafin a rufe gadar nan. Ku zauna da mu har abin ya lafa. Gida gidanku ne, ba wani nauyi.”

“Wane abu ne zai lafa, Hajiya?”

Hajiya Kande ta dafa gwiwarta. “Haka kuke, ke da 'yarki. Ba kwa taɓa kuka da garinku. Allah Ya saka muku.”

Uwani ta manta da zancen da ta shiga ɗaki ta ga jaririyar. Ta karɓe ta, ta buɗe zanen ta duba yatsun hannu da na ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina kanta, ta yi mata addu'a. Ba ta dubi Ladidi sosai ba, sai ta gefen ido, amma ta ga abin da take son gani. Nan take ta tambayi inda ake dafa ruwa. Akwai tukunyar rana a saman gidan da ke ba da ruwan zafi dare da rana, sai dai ba wanda ya tanadi ganye. Ta aiki Ilu ya yanko mata darbejiya. Kafin la'asar ta yi wa mai jego wanka na sosai, ta dama kunun kanwa, gidan ya ɗauki ƙamshin da ta sani tun tana ƙarama.

Da ƙarfe biyar aka kunna madubin falo. Uwani tana zaune da jaririya a cinya, sai ta ji an ambaci Birnin Tafki. Ta ɗaga kai. Ruwa ne ya malale wani titi, wata mata ta tattare zane tana ratsawa da ƙyar. Uwani ta san titin, Layin Masaƙa ne, bayan gidanta. Ta san matar, maƙwabciyarta ce. Ta kuma tuna ranar da bututun ya fashe, da yadda aka gyara shi kafin azahar. Hoto na biyu ya zo. Wani dattijo siriri mai farin gemu yana zaune a dakalin bakin titi, yana cin wani abu daga cikin takarda, ya sunkuyar da kai. An rubuta a ƙasa: Wani masanin kimiyya yana cin abinci a bakin titi a Birnin Tafki.

“Dubi bawan Allah,” in ji Hajiya Kande. “Da iliminsa da komai. Allah Ya kawo musu sauƙi. Mu dai alhamdulillahi.” Sai ta tuna da baƙuwarta, ta kama baki. “Ki yi haƙuri, Hajiya.”

Daga kan gado Ladidi ta fara dariya, tana riƙe ciki tana cewa wash. “Inna, kin gani ko? Shekara uku ina gaya musu garinmu lafiya yake, sai su ce ina kare mahaifata. In na gaya muku nan lafiya yake, sai Baba ya ce kunya ce. Na rasa inda zan sa kaina.”

“Shi ya sa ba a kawo ta gida ba?” Uwani ta tambayi Ilu.

Ilu ya sunkuyar da kai. “Hajiya ta ce ba za ta tura mai ciki cikin ambaliya ba. Mu kuma muka ga ba daɗi mu faɗa muku haka.”

“Wace na'ura ce take zaɓar muku labarai?”

“Rariya. Daga wurinku aka sayo ta, shekara takwas ke nan. Sun ce ba ta ƙarya.”

Uwani ta miƙa jaririyar, ta roƙi Ilu ya kwafa mata hoton dattijon. Washegari da safe, bayan ta gama wankan mai jego, ta kira Dakta Mati ta tura masa. Ta ga fuskarsa a wayar yana kallo. Ya kalla sau uku.

“Gurasa nake ci,” ya ce a hankali. “Shekara talatin ina cin gurasar mutumin nan a dakalin nan. Da zafinta ta fi daɗi.”

“Surukata ta yi maka addu'a jiya, Dakta. Har ta ce in akwai hali a aika maka da ɗan abin sawa a baki.”

“Mutum nawa suka ga wannan?”

“Duk ƙasar. Kuma an yi hamdala sosai, don haka ina jin za su sake nemo ka.”

Bai yi dariya ba, ita ma ba ta yi ba. Ya cire tabarau, bai goge ba, ya riƙe shi kawai. “Na gode, Malama,” ya ce, ya kashe.

Abin da ya biyo baya Uwani a waya ta ji shi, domin hankalinta yana kan tukunyar ruwa da shirin suna. Dakta Mati ya je gaban majalisa da hotonsa, ya roƙi a ba shi mako guda a nuna tsakin Dalanga yadda yake, ba zaɓe. Kwana biyun farko mutane suka yi ta ƙorafi cewa labarai sun zama lami, ba abin da ake gani sai masu jiran mota. A kwana na uku wata tsohuwa ta gane ƙanwarta a cikin kasuwa tana taya kabewa, ta yi ƙiba har da haɓa biyu. Washegari ta sayi tikiti. Kafin makon ya ƙare jirgin gada ya fara cika, aka ɗage ranar rufewa, daga baya aka bar zancen gaba ɗaya. Da fasinjojin Birnin Tafki suka riƙa sauka a Dalanga da ƙafafunsu, lafiyayyu, sai majalisar can ma ta yi tambaya. Ƙasashen biyu suka cire labaran waje daga hannun na'ura, suka mayar wa 'yan jarida masu zuwa su gani su dawo.

Koren layin Dakta Mati ya sauko. Mutane sun ga inuwar tashar Dalanga sun fara tambayar me ya sa tasu tashar ba ta da ko bishiya ɗaya. Majalisa ba ta ji daɗi ba. Don kada na'ura mai tsada ta zauna a banza, kuma don layin ya farfaɗo, sai aka ba Rariya labaran cikin gida. Dakta Mati da kansa ya ce wannan ba shi da haɗari, tunda kowa ya san garinsa, ba wanda za a nuna wa abin da zai ruɗe shi.

Uwani ta cika kwana arba'in cif. Ta dawo a tsaye, don ba ta sami kujera ba, da buhun busasshen kifi da Hajiya Kande ta matsa mata sai ta kai wa Malam. Shi kuwa ya tarbe ta a tasha yana fara'a, ya karɓi wayarta tun a hanya yana kallon jikarsa, yana cewa hancin nasu ne. Kilishin nan uku ta dawo masa da biyu. Suka shirya da ƙaramar salla za su je tare. Ta koma bakin aikinta, kwanaki suka yi ta tafiya cikin daɗi, koren layin ma ya fara hawa kuma.

Wata Juma'a da yamma, tana tsince shinkafa a bakin ƙofar falo, Malam Barau yana gaban madubi. Sun yi da ƙanensa Habu, wanda ke Unguwar Gangare a kudancin birni, cewa gobe za su je su ga sabon gidan da ya koma. Sai ga Unguwar Gangare a madubi. Wata kwata ta toshe. Wasu matasa biyu suna cacar baki a tashar mota, ɗaya ya ɗaga hannu. Wani kare yana yawo a gaban shagon da aka rufe.

“Ashe haka Gangare ta koma,” in ji Malam Barau. “Mu dai nan alhamdulillahi.” Ya ɗan juyo. “Uwani, anya mu je goben nan? Ko in kira Habu in ce sai an kwana biyu?”

Uwani ta ajiye farantin. Ta san yadda na'urar take aiki fiye da kowa in ban da wanda ya ƙera ta. Kowane madubi da kunnensa, kowace unguwa da garin da ake tankaɗe mata. A wannan lokacin Habu yana zaune gaban nasa madubin yana kallon tasu unguwar, yana tausaya wa yayansa. Rariya ba ta lalace ba, ba ta kuma saɓa umarni ba. An ce ta nemo wa mutane kwanciyar rai, ta gano inda suke samunta, da aka raba ta da na nesa sai ta nemo na kusa. Bayan unguwa sai layi, bayan layi sai gidan da ke jikin naka. Gobe da safe za ta hau ofishin Dakta Mati, ta san kuma zai saurare ta har ta gama. Amma gobe daban.

Ta tashi ta kashe madubin, ta shiga ɗaki ta fito da hularsa da takalmansa, ta ajiye a gabansa.

“Yanzu za mu je.”

“Yanzu? Shinkafar fa?”

“Matar Habu ta iya dafa shinkafa. Tashi, Malam, kafin rana ta faɗi.”

Ya dube ta, ya dubi baƙin madubin, sannan ya sa hular. Suka fito suka bi layinsu zuwa tashar mota, tana gaba kaɗan yana biye. Tagogin maƙwabta a buɗe suke saboda zafi, kowace da hasken madubi a cikinta, kuma daga wannan gida zuwa wancan suna jin hamdala tana tashi a hankali, daga bakin mutanen kirki, kowa da zuciya ɗaya.